Giyar tsohuwar motar Kawu

Jiya a tashar Gwaram wani direba ya danna giya da ƙarfi har ta yi ƙara, sai na tuna Kawu, ƙanen mahaifiyata. Yakan ce, "Giya ba ta son gardama, lallashi take so."

Tsohuwar a-kori-kurarsa ta girme ni, amma ita ke kai masu naƙudar ƙauyenmu asibitin Birnin Kudu. Da giya ta uku ta fara fita da kanta, tare muka sauke giyabos ɗin, wato akwatin giyar, a gindin darbejiya. Ya tsoma yatsa cikin man, ya murza, ya nuna mini garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce, "Haƙori ne ya cinye. Gobe mu canza shi."

Washegari ciwon ƙirji ya kayar da shi. Na bi gidajen masu mota, kowa da uzurinsa. A babur muka ɗauke shi, ina rungume da shi, kuma bai kai asibiti ba. Masu motar nan dukansu sun zo gaisuwa a motocinsu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ni kuwa ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban huce ba.