Takardar da ta cinye mana jakai

Mu biyu muka gaji fataucin mahaifinmu a Filinge, ni da wana. Abin da ya bar mana ba shi da yawa a ido: ɗaki guda a bakin kasuwa, ramin wuri, kuɗin wancan zamani, a cikin ɗakin, da jakai tara. Amma duk wanda ya san fatauci a ƙasar Kurfai ya san jakan nan su ne dukiyar. Su ke ɗauko gishiri daga kudu, su ke kai tufafi ƙauyuka, su ke dawo da hatsi. Wana shi ke bin su. Ni kuwa na daɗe gaban malam har hannuna ya faɗa da ajami, saboda haka ni ke zama a ɗaki ina rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo.

Ga yadda muke sana'armu. Da bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sai mu raba wa manoman Tabla da Damana gishiri da ƙyalle bashi. Ba a tambayar kowa komai sai kaka ta yi. Idan an yanke gero, mai bin bashi shi ke zuwa da dabbobinsa ƙofar rumbu ya ɗauka, manomi ba ya kawowa. Wanda ya je tambaya hatsi na tsaye a gona, ya ci mutuncin mai gonar, kuma ƙauyen nan ya rufe masa ke nan. Mahaifinmu a kai yake riƙe duk wannan lissafi, wana ma haka. Ni na kawo takarda gidanmu, kuma ina ji da ita fiye da yadda ya kamata.

Nasara sun yi 'yan shekaru a garin kafin su waiwayo 'yan kasuwa. Da farko lanho kawai muka sani, wato harajin kai, kuma suna karɓar wuri ko hatsi. Sai wata bazara aka yi shela cewa duk mai ɗaki a kasuwa ya je biro, wato ofishinsu, ya faɗi girman cinikinsa, domin a yanka masa kuɗin fatauci daidai ƙarfinsa. Wana yana hanya da jakai. Ni na tafi.

Har yau idan na tuna shigar da na yi ran nan sai in ji kamar in mari kaina. Tsofaffin 'yan kasuwa duk sun zo da riguna masu faci. Maƙwabcinmu mai goro, wanda ya fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, ya rantse huhu biyu ne jarinsa, har yana share ido. Ni kuwa na sha rigata ta salla, takarda a hammata. Tun rasuwar mahaifinmu mai goron nan yake yawo da mu a kasuwa wai gidanmu ya faɗi, ni kuma ina so ya ji da kunnensa.

Magatakardan Nasara yana zaune a rumfa da wani babban littafi, tafinta na tsaye a gefensa. Na buɗe takardata na karanto komai, gishirin da muka fitar, turamen ƙyalle, damman geron da za su dawo mana, wurin da ke rami, jakai. Tafinta ya dube ni ya ce, "Malam, duk wanga naku na?"

Na ce, "Namu na."

Ban yi ƙarya ba. A wurinmu abin da ke hannun mutumin kirki naka ne, ya ma fi na ɗakinka tabbas, tunda ɓarawo ba ya haƙo shi. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa littafin nan ba ya raba abin da kake bi da abin da ke aljihunka. Aka rubuta mu a sahun manya. Na juyo ina kallon mai goro, shi kuma ya sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce ta kama shi. Dariya yake ɓoyewa.

Da wana ya dawo na ba shi labari ina murna. Yana kwance wa jaki akumari, bai ko ɗago ba.

"Ka hwaɗa musu da mi za a biya?" in ji shi.

Na ce ban tambaya ba.

"Ka hwaɗa musu sai kaka muka ganin kuɗɗinmu?"

Wannan ma ban faɗa ba. Ya rataye akumarin ya shiga gida.

Amsar ta zo tsakiyar damina. Gardi, ɗan sandan Nasara, ya kawo sanarwa cewa a biya kafin watan ya mutu, kuma da azurfar Nasara, dala da tamma, ba a karɓar wuri. Muka buɗe ramin da mahaifinmu ya yi shekaru yana cikawa, muka kai wa masu canji. Duk gari azurfa ake nema a mako guda, saboda haka kullum sai sun ƙara yawan wurin da suke so a kan dala ɗaya. Muka kai kwando kwando, muka dawo da abin da bai cika tafin hannu ba. Ko sulusin abin da aka yanka mana bai kai ba.

Na koma biro da takardata, wannan karon da tsohuwar riga. Na nuna wa tafinta cewa dukiyar tana ƙauyuka, a dakata mana wata biyu. Ya gaya wa magatakarda, magatakarda ya yi magana gajeriya yana nuna littafi da alƙalami. Tafinta ya ce abin da ya shiga littafi ya riga ya tafi gaba, ba a gogewa. Amma akwai hanya mai sauƙi: in ba da sunayen waɗanda muke bi, a tura gardawa su karɓo mana. Wallahi a lokacin na ga kamar taimako ne.

Wana ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mutanen da sunka ci gishirin babanmu, su za ka aika wa gardi da bulala? Ka san abin da gardi shika yi in ya shiga ƙauye. In ka ba da suna guda, ni da kai mun raba tukunya."

Ban ba da suna ba, amma na yi abin da ya kusan kai wannan muni. Na tafi Damana da ƙafata ban gaya masa ba, wurin wani dattijo da ya fi kowa ɗaukar kayanmu. Na same shi a gona. Ya yi mini fofo, wato sannu da zuwa, ya ba ni ruwa, ya tambayi gida. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya dubi geronsa, wanda ko kai bai fitar ba. Ya miƙo mini laujensa ya ce, "Ɗana, ga shi nan. Yanke naka." Na dawo Filinge ban iya cin abinci ba, kuma ban taɓa gaya wa wana ba, ko da yake na tabbata ya ji.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka ce wanda bai biya ba za a ɗaure shi a tura shi aikin hanya. Sunan wana ke littafin, shi ne babba. Na ce bari in tafi a madadinsa, tunda bakina ya jawo. Ya ce aikin hanya ba ya goge lamba, in na dawo za ta jira mu. Da safe ya kwance jakan duka tara ya kora su kasuwa. Mutum ɗaya ne a garin ke da azurfa a ɓoye da za ta saye su, mai goron nan da ya rantse da huhu biyu. Ya taya su da wulaƙanci, wana bai yi ciniki ba. Muka kai biro, aka ba mu wata 'yar takarda mai hatimi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne damina ta yi kyau a shekarar. Gero ya yi. Babu manomi ko ɗaya da ya ci amanarmu. Saƙo ya yi ta zuwa daga Tabla da Damana cewa dammanmu suna ƙofar rumbu, mu zo mu ɗauka. Har dattijon nan ya ware namu, sai dai ya ce kada a ƙara kai masa gishiri. Duk abin da takardata ta faɗa gaskiya ne, ga shi can a jibge, ba mu da abin ɗaukowa. Da muka nemi hayar dabbobi, wurin mai goro muka koma, ya ce dami biyu nasa ɗaya. Abin da ya rage bai isa mu sayi ko jaki uku ba, balle mu sari gishirin bazara.

Jakan kuma suka ƙi bin yaran mai goro. Sun saba da muryar mutum guda, in wani ya kora su sai su watse cikin gonakin mutane. Wata rana da hantsi mai goro ya yi sallama a ƙofarmu, ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce yana neman mai kora, zai riƙa biya duk tafiya. Na miƙe zan kore shi. Wana ya riƙe mini riga.

"Zamna," ya ce. "Akwai ɗiya cikin gidan ga, kuma sai sun ci."

Ya shiga ya ɗauko sandar da mahaifinmu yake kora da ita. Ina tsaye a ƙofa ya yi kiran da ya saba, jakan tara suka ɗago kai daga garken wani suka jeru a bayansa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin su a kan lada, har ƙafafunsa suka gaza, kuma bai taɓa ce mini ga abin da ka yi ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da bazara ta kewayo aka sake kiranmu biro. Na je hannu wofi, na shirya in rantse ba mu da komai, kuma wannan karon ma gaskiya ce. Ba a tambaye ni ba. Magatakarda ya buɗe littafin bara, ya bi layinmu da yatsa, ya kwafe lambar a sabon shafi.