Yadda Na Turke Kifin Madam

A shekarun da muka zauna Malbaza, maigidana yana tuƙa kamyon siminti, ni kuma ina turkar raguna. Ba yabon kai ba, duk layinmu babu macen da ta kama ƙafata. A kawo mini rago ƙashi da fata, yana tafiya iska na kaɗa shi, in ɗaure shi wata huɗu, ranar da za a kwance shi sai maza biyu sun riƙe igiya. Har daga Dogarawa mata ke aiko mini da tambaya in akuyarsu ta ƙi ci. Ana cewa dabba ba ta mutuwa a hannuna. Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, har na koma faɗinta da bakina.

Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ungozoma ce a likita, wato asibiti, 'yar Yamai, kowa Madam yake ce mata. Ita kaɗai ce a gidanta, sai wani akwatin gilashi cike da ruwa da kifaye bakwai a ciki, jajaye, kowane bai wuce babban yatsa ba. Ba a cin su, ba a sayar da su, kallo kawai ake yi. Shekara huɗu tana tare da su, kuma in ta taso daga aiki da Zabarmanci take gaishe su.

Sai aka tura ta garin Tawa ƙaro ilimi na wata uku. Ta shigo gidana ta ce, "Yaya, duk garin nan ke kaɗai na yarda da hannunki. Ga amana."

Kaina ya kumbura. Maigida da wani abokin aikinsa suka ɗauko akwatin suna nishi, aka ajiye a ɗakina kusa da kuran, inda ake jona wutar lantarki. Madam ta tsaya tana yi mini bayani. Abinci ga shi a gwangwani, abin da yatsa biyu suka ɗebo, sau ɗaya a rana. Wannan ɗan injin mai hura iska kada a cire shi. Ruwa ba a canza shi duka, ranar Juma'a a ɗebe kaɗan a ƙara wanda ya kwana. Ban da sabulu, ban da rana. Ina ta gyaɗa kai ina cewa to, to, amma a zuciyata cewa nake, ji wannan, ni za a koya wa kiwo? Matar da ko kaza ba ta taɓa ajiyewa ba!

Tun ranar farko na ga inda matsalar take. Na ɗebo da yatsa biyu na barbaɗa, kafin in ƙifta ido sun lamushe, suka dawo bakin gilashi suna buɗe baki suna rufewa, suna kallona. Wallahi tausayi ya kama ni. Na ce ashe shekara huɗu bayin Allah nan suna azumin dole. Wannan ai rowa ce irin ta 'yan boko, komai sai an auna. Na ƙara, suka cinye. Na ƙara. Gwangwanin da aka ce zai kai wata uku, kwana tara ya yi.

Da ya ƙare ban damu ba, tunda gidana ba a rasa abin ba dabba. Na koma ba su dusa da safe, ɓarɓashin tuwo da rana, da la'asar in murmushe musu ɗan ƙuli-ƙuli don maiƙo. Maigida ya leƙa ya ce, "Ke, kunu kike damawa ko kiwo kike yi?" Na ce ya je ya ji da kamyonsa. Gaskiya dai ruwan ya yi fari, sai ka manna ido kafin ka hango wutsiya. Wata safiya na iske ɗaya ya juya ciki sama.

Na tsamo shi da ludayi, na leƙa ƙofa na tabbatar babu kowa, na binne shi a gindin turke. Matan layi sun saba shigowa kallo, in wata ta ƙirga ta ce shida ta gani, sai in ce ɗayan ya ɓuya bayan dutse, mai kunya ne.

Na zauna na yi tunani irin na mai kiwo. Dabba in ta fara mutuwa, ƙazantar garke ce. Na kwashe su na zuba a roba, na tuntsurar da ruwan nan kaf, na sa soso da sabulu na goge gilashin har yana ƙara. Tsakuwar ƙasan ma sai da na wanke ta sau uku kamar shinkafar biki. Na tara sabon ruwa daga famfo na juye su ciki. Kai, ya yi kyau! Na kira maƙwabta su zo su ga tsabta. Washegari biyu suka bi ɗan uwansu gindin turke.

Saura huɗu. Na fara ramewa. Maigida ya ce, "Ba ta ce miki ban da sabulu ba?" Na ce, "Sabulun da nake wanke ɗiyanka da shi, su sun mutu?" Ya fice abinsa, don ya san in na hau ba na saukowa da wuri.

Da na ƙara duba sauran sai na ga suna lafewa a ƙasa, ba kuzari. Nan take na gane ciwon: sanyi ne. Abin da ya wuni cikin ruwa ya kwana cikin ruwa, ga inji na hura masa iska ba dare ba rana, ai dole mura ta kama shi. Na cire injin. Na sake kwashe su a roba, na jefa ɗan gutsuren kanwa kamar yadda nake wa raguna, na kai su tsakar gida su sha hantsi. Bazara ce fa, ta Malbaza. Na ce in daka gero in dawo. Ina cikin daka wata ta shigo da labarin faɗan da aka yi a bakin rijiya, labari ya yi daɗi, ban tuna ba sai da inuwa ta gudu ƙarƙashin ƙafa. Na ruga na tsoma yatsa, ruwan ya isa a yi wa jariri wanka. Biyu sun tafi. Biyun da suka rage na mayar da su ɗaki, na jona injin da kaina, ina ba su haƙuri da Hausa tunda ban iya Zabarmanci ba.

Yanzu ba yadda za a yi in ce biyar sun ɓuya bayan dutse ɗaya. Na rufe akwatin da zane, duk wadda ta zo in ce suna hutawa. Na tasa maigida gaba na ce in ya kai siminti Ƙonni ya nemo mini irinsu ko a ina ne. Bawan Allah ya zagaye kasuwa yana tambayar jan kifi mai rai. Masu kifi suka yi ta miƙa masa banda suna dariya, wani ɗan kabu-kabu ya ce ya hau ya kai shi Sakkwato, can ba abin da babu. Da yamma ya dawo da buta. Wani masunci ya kamo masa a tafki, guda biyar, ƙanana, baƙaƙe, masu gashin baki.

Na ce, "Malam, waɗannan ai baƙaƙe ne."

Ya ce, "Bakwai aka ba ki, bakwai za ki mayar. Launi kuma ki san yadda za ki yi da shi, ba ke ce gwana ba?"

Na ce zan gwada manja. Kada ku yi dariya, na gwada. Ina kwaɓa dusa da manja ina ba su, ina duba ko sun fara ja.

Ba su yi ja ba, amma fa sun ci. Allah sarki, sai a lokacin na samu dabbobin da suka san darajata. Duk abin da na jefa ba ya kaiwa ƙasa. Ruwa ya yi fari, ko a jikinsu. Suna girma ido na gani, hankalina ya kwanta, na ce ashe hannuna yana nan, waɗancan ne ragwaye. Sai ja ɗaya ya ɓace, babu gawa. Na ɗora wa kyanwar maƙwabta, na bi ta da muciya har ta daina bin katangarmu. Bayan kwana uku ina tsaye da dusa a hannu na ga babban baƙin yana yawo da jar wutsiya a bakinsa. Na ƙwalla salati. Tarwaɗa ce! Ni da hannuna na zuba kura a garke. Kafin wata ya ƙare ta bi 'yan uwanta huɗu ta haɗiye, ta rage ita kaɗai, ta kai kaurin tsintsiyar hannuna, ko juyawa a akwatin sai da dabara.

Ranar da Madam ta dawo, ko gidanta ba ta shiga ba ta faɗo nawa, da ƙunshin cuku, busasshen nonon nan, ta kawo mini tsaraba. Na riga na shirya jawabi: zafin bana, ruwan famfo, bakin mutane. Ta yaye zanen. Tarwaɗa ta taso ta buɗe mata baki tana jiran dusa. Madam ta daɗe tana kallo, jawabina ya gudu.

Ta ce, "Yaya, nawa kike ba su?"

Na nuna mata cikin tafina. Ta ɗaga yatsa biyu ta haɗa su, ta ce, "Na faɗa miki."

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Kin ji. Kin dai fi ni sani ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da na samu abin ramawa, don a faɗa ba a cin ni. Ta sa aka ɗauke mata akwatinta, ta bar mana tarwaɗar. Maigida ya sha romo har yana gumi, yana cewa a turka dai ba a ja da ni. Ni ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Na yi ta jiran maganar ta zagaye gari, shiru. Sai a wani gidan suna, muna zaune cikin mata, wata ta ce, "Madam, ina 'yan jajayen kifinki?" Loma ta tsaya mini a wuya. Madam ta ce, "Kwanansu ya ƙare," ta miƙo mini kofin ruwa, ta canza magana. Raguna suka ci gaba da zuwa gidana kamar da, ana ta yabona, ina amsawa da ƙyar.

Bayan shekara ta samo wasu kifayen guda uku daga Yamai. Da hutunta ya zo, ina tsaye a ƙofar gida na ga an fito da akwatin. Na gyara ɗaurin zane, na matsa gefe don su samu hanyar shiga. Suka wuce ni. Gidan tsohon gardin likita mai gadin ƙofa aka kai, mutumin da bai taɓa kiwon komai ba, abin da ya iya kawai in an ce yi kaza ya yi kaza. Madam ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara, ta bi bayansu. Na koma ciki na zauna kusa da raguna, na yi kuka mai isata.