Littafi Ɗaya Na Ɗora wa Ƙanwata Har Jarrabawa Ta Riske Mu

Malam Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya faru, a farkon shekarun tamanin, ni saurayi ne da ba ya iya zama wuri guda. Daga aji biyu na sakandare na tattaro akwatina na dawo gida, ba don kaina ba ya ja ba, sai don gani nake na fi malaman sani. Na yi aikin kaka a injin gurzar auduga a Funtua, na yi kamasho a tashar Malumfashi, na koyi facin taya wata uku na watsar. Da damina in koma ƙauyenmu can gefen Bakori in taya Baba noman masara da dawa. Abu ɗaya da ban taɓa bari ba shi ne karance-karance, ko takardar da aka ƙunshe mini ƙosai sai na karanta. Ga ni da baki, in aka fara gardama a majalisa ba a kayar da ni.

Ina da ƙanwa mai bi na, ita ce mai natsuwar gidanmu. Tana aji huɗu a makarantar kwana ta 'yan mata kurkunu ya fito mata a ƙafa biyu, ta yi kusan shekara a kwance, kafin ta miƙe an cire sunanta. Burinta ɗaya a duniya, ta zama nas. Baba ya yi ta zirga-zirga a mayar da ita, bai yi nasara ba. Ranar da ya dawo ya ce sai haƙuri, ni na buga ƙirji na ce a bar mini. Na ce zan buɗe mata makaranta a zaurenmu, in koya mata da kaina, shekara ɗaya ta shiga jarrabawar GCE ta 'yan waje a Funtua, ta ci, ta wuce makarantar jinya. Baba ya dube ni ya ce ni da ban gama tawa ba? Na ce masa ai ba gamawa ce sani ba. Sannan ya ce ya ba mu shekarar, kuma ya ɗauke mata aikin gona da surfe.

Ga inda na fara ɓata. Akwai lokacin da na yi 'yan watanni ina ɗaukar karatu a zauren wani malami a garinmu, kuma tsarin can shi ne, littafi ɗaya za ka riƙe daga bango zuwa bango, sai ka sauke shi kafin a buɗe maka wani. Tsarin ya burge ni ƙwarai. Na ce abin da ya lalata boko ke nan, a ɗanɗana maka lissafi minti arba'in, a kaɗa ƙararrawa, a ɗanɗana maka Turanci. Makarantata ba za ta yi wannan tsalle-tsallen ba. Kuma na taɓa jin malamin yana cewa manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, shi ne sikelin dukan ilimi, wanda ya iya shi ba a ruɗa shi. Maganar ta zauna mini.

Ranar kasuwar Funtua na je wurin wani dattijo mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa. Na ɗauki na lissafi, na bayoloji, na kemistiri da na Turanci. Har na juya, sai idona ya faɗa kan wani ƙaton littafi da Turanci, bangonsa ya yage, duk cikinsa yadda ake gane hujjar kirki da ta banza ne. Dattijon ya ce wannan na ƙari ne, manyan ɗalibai ke duba shi in sun gama nasu, shekara biyu yana ɗawainiya da shi ba mai taya shi. Ni kuwa ji na yi na tsinci zinariya. Tun a mota na yanke shawara, da shi za mu fara, sauran su jira.

Muna da maƙwabci, malamin firamare ne, Kirista, a makarantar mishan ya yi karatu, kuma da shi da Baba tare suke gayya tun suna samari. Da ya ji labari ya leƙo zauren, ya jujjuya littafin, ya tambaye ni ina manhajar jarrabawar, ina tsofaffin tambayoyi. Na ce ba ma buƙata. Ya ce samari, wannan abin ba ya cikin jarrabawa ko layi ɗaya, in ina so in ba ta shi ranar Asabar kamar yaji a kan tuwo, amma kada in mai da shi tuwon. Wallahi da littafin nan na kayar da shi. Na ce masa don kowa yana bin hanya ba shi ke nuna hanyar daidai take ba, har na buɗe masa shafin da aka yi bayanin irin kuskurensa. Ya yi dariya ya ce to Shehun Malami, ya ba ni gari, amma masu gyara takarda ba za su zo zaure su yi gardama da ni ba. Ya sa takalminsa ya tafi, ni kuma na yi kwana uku ina ba da labarin yadda na rufe wa malamin makaranta baki.

Haka muka yi ta yi, da hantsi da bayan la'asar. In karanta da ƙamus a gefe, in fassara mata, ta maimaita. Kuma gaskiya yarinyar ta kama. Ranar da Goggonmu ta zo tana cewa duk 'yar boko ba ta iya tuwo, don ga 'yar wane ta ƙona tukunya, ƙanwata ta ce mata cikin ladabi, Goggo, mutum ɗaya bai isa a yanke wa dubu hukunci ba, in ba haka ba duk mai goro maƙaryaci ne tunda ɗaya ya taɓa cutar ki. Gida ya ɗauki dariya, Goggo ta ce an koya wa yarinya rashin kunya da Turanci. Ni kuwa sai kaina ya ƙara girma. Sau biyu ƙanwata tana ce mini, Yaya, yaushe za mu buɗe bayoloji, ina ce mata sai mun sauke wannan. Littafin kuwa ya fi shafi ɗari huɗu, kuma wasu wuraren ni kaina sai in yi mako ban gane ba, in ce mata bita muke yi. Ga shi in zaman ya ishe ni sai in hau mota in yi Malumfashi kwana biyu.

Sai da aka fara karyar masara muka sauke shi. Saura wata biyu da 'yan kwanaki. Matar maƙwabcin nan ce ta kira ƙanwata ta ba ta tsofaffin tambayoyin da mijinta ya samo, ta ce kada ta nuna mini. Ta kawo mini duk da haka, ta ajiye a gabana. Na buɗe takardar kemistiri, ban gane ko tambaya ɗaya ba. Na buɗe ta lissafi, na iya uku. Amma na ce mata kada ta damu, mai manɗiƙi zai iya fito da kowace amsa da tunani. Ta ce to Yaya, in fito mata da sunayen ƙasusuwan hannu da tunani ta gani. 

Mun yi gudun da za mu iya, ba a cusa karatun shekara biyu a wata biyu. Ni na raka ta Funtua kowace rana ta jarrabawa. Da sakamako ya fito, Turanci da Hausa kawai ta ci. Ba ta yi kuka a gabana ba. Abin da ta ce mini shi ne, laifinta ne, domin ta koyi cewa ƙarfin muryar mai magana ba hujja ba ne, amma ba ta auna ni da shi ba saboda ni yayanta ne. Baba bai zage ni ba, ya dai ce in je da ƙafata in ba maƙwabcinmu haƙuri. Na je. Shi ya karɓe ta, ya tsara mata karatu darasi-darasi, ya haɗa ta da wani malamin kimiyya. Sai a zama na uku ta haɗa takardunta, lokacin ƙawayenta sun riga sun sa farar riga suna aiki. Ta zama nas, amma shekara uku a baya, kuma a cikinsu ɗaya tawa ce tsaf, ba ta kurkunu ba.

Har yau ban yarda littafin nan banza ba ne, kuma ban yarda cewa ba a iya koyar da yaro a gida ba. Ana iyawa. Amma duk wanda zai yi, ya fara neman manhajar jarrabawar da tsofaffin tambayoyi, ya ƙirga watannin da ke gabansa, ya raba darussa, ya nemi wanda ya taɓa bin hanyar ya duba masa. Tsarin zaure an yi shi ne don karatun da ba a sa masa rana, jarrabawa kuwa ranarta a rubuce take. Littafin ƙari ya tsaya a matsayin ƙari. Kuma in ka ga kana jin daɗin kayar da mai ba ka shawara, ka tsaya ka tambayi kanka wa zai shiga ɗakin jarrabawar. Ni ranar a gindin bishiya na zauna ina cin rake, ita ce a ciki da alƙalami.