Janwen Sararin Samaniya

Har yau ina tuna ranar Litinin ɗin da Alhaji, mai ɗakin ɗab'in da nake aiki a Dutsin-Ma, ya kira ni ofis. Ni ne mai zanen hannu a wurin. Da zayyanar allo da rubutun ajami na fara. Zuwa wannan ranar kuwa, kwamfuta ta karɓe kusan komai, bangon littafi kaɗai ya rage mini.

Na tarar da Malama Hajara, mai koyar da kimiyya a Kurfi. Ta rubuta wa yara labari, tana son hoton kumbon da ke ceto kumbunan da suka lalace a sararin samaniya, ya jawo su gida.

Alhaji ya ce, "Malam Iro, kwana uku. In bai yi mata ba, bangon ma kwamfuta za ta riƙa yi."

Ƙa'idarmu, a yi zanen fensir, mai aiki ya amince, sannan a sa launi. Na yi bisimilla, na zana janwe sak, motar nan mai jan matattun motoci, na ƙara masa fukafukai.

Washegari Malama ta duba, ta ce, "Baba, tayoyin nan me za su taka?"

Na goge su.

"Sarƙar kuma don me ta yi ciki ta sauko? Can babu ƙasa."

"Sai sama?"

"Ita ma babu."

Na ce, "Ikon Allah! To a ina suke?"

Ta yi bayani da lemo da murfin biro, na ƙara ruɗewa. Abu ɗaya na kama: in na gaba ya tsaya, na baya ba zai tsaya ba, zai zo ya doke shi, mai ceto da wanda aka ceta su hallaka.

"To yaya za a yi?"

"Wallahi Baba, ni ma a nan labarin ya tsaya mini."

Bayan sallar la'asar na nuna wa Sani, direban janwe, takardar a ƙofar masallaci, na faɗa masa matsalar. Ya ce, "Haba Malam! Wannan ai mota ce mara birki. Wa zai ja ta da sarƙa, ta hau shi a gangara? Miƙaƙƙen ƙarfe ake ɗaurawa tsakani. Ka tafi ta tafi, ka tsaya ta tsaya."

"An ce can babu gangara."

"Wanda ya ce, ya je?"

Na koma na zana ƙarfen. Ranar Laraba Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhaji, a sa launi. Ni ce zan gyara labarina."

Alhamdulillahi, teburina yana nan. Ku sababbin shiga aikin zane, ku riƙe wannan: ko abin da ba a taɓa ƙerawa ba aka ce ku zana, akwai wanda hannunsa ya saba da irinsa. Ku ajiye fensir, ku je ku tambaye shi.