Takardar Baba Yohanna da ban kai ba

Da safen nan aka kira ni daga unguwar Television, wai Baba Yohanna ya rasu. Har yanzu na kasa karyawa.

Shi ya koya mini aikin inji a masaƙa a Kakuri. Ni ɗan Makera, shi dattijon coci. Da azumi yakan karɓi injina ya ce, "Je ka sha ruwa, Malam ƙarami, zare ba zai gudu ba."

Da soja suka koma bariki na bi 'yan siyasa, har na zama mai riƙe wa wani Honorabul jaka. Su Baba kuwa aka rufe musu masaƙa.

Shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikata a sashenmu, ga shi mayen rediyo. Kullum maganarsa, a wasu ƙasashen gwamnati na tsoron ƙuri'ar ma'aikaci, shi ya sa take kare masa aikinsa, mu nan kuwa mai shigo da kaya ake tsoro.

Ya rubuta takarda a kan a tsayar da atamfar fasa-ƙwauri ko masaƙu sa farfaɗo. Ma'aikata suka sa hannu. Ya ba ni in miƙa wa ogana Honorabul.

Ban miƙa ba.

Zaɓe ya matso, kuma Alhajin da ya ba mu atamfar kamfen shi ne babban mai shigo da ita. Na ji tsoron rasa wurina, gaskiyar ke nan.

Ganinmu na ƙarshe a Sabon Tasha ne ranar gangami, ina sanye da ankon jam'iyya. Ya kama bakin rigata ya murza da yatsa biyu, yadda yake duba yadi a masaƙa.

"Wannan ba saƙarmu ba ce," in ji shi. Sai ya yi murmushi. "Oga ya karanta?"

Na ce, "Tana kan teburinsa, Baba."

Ya ce, "Madalla. Na gaya wa mutane ɗana ne ya kai."

Wallahi takardar tana akwatina har yau. Shekara da shekaru ina cewa zan je in faɗa masa gaskiya, alhali Keke Napep ɗaya ne tsakaninmu. Kunya ta hana ni.

Allah Ya ba shi hutawa, Ya ba matarsa Mama Rifkatu da yara haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a, kowa yadda yake yi. Ni ma ku roƙa mini ƙarfin zuciya, gobe zan je gaisuwa da takardar a hannuna.