Abin da Inna Ta Koya Masa

A layin, mai ɗinki ake ce mata. A gida kuwa Yaya ce, don haka ƙaninta ke kiranta, har mijinta ma ya ɗauka. Tun da mahaifiyarsu Inna ta rasu ta kwashe ƙyallaye daga ɗakin ajiya, ta shimfiɗa wa ƙanin katifa daura da inda keken ɗinkinta yake. Ƙanin, wanda ake kira Ɗan Inna, ya ba talatin baya, ga gemu ga ƙarfi, amma hankalinsa na ƙaramin yaro ne. Abu ɗaya sai a shekara ana nanata masa kafin ya kama. In kuwa ya kama, shi ke nan, ba mai cire masa.

Yaya ba ta iya zama da matsala ba. Ran da ta lura yana ta susa, cikinsa ya yi tulele, hannuwa sun zama kamar sillen kara, ta rufe keke ta ja shi asibiti. Gwajin bayan gida ya nuna tsutsar ciki, har iri biyu. Ta karɓo ƙwayoyi, ta sayo abin yankan farce, ta ɗaure sabulu a wuyan famfo, ta ɗinka wa silifansa maɗauri don kada ya yar. Ya murmure, kumatu suka fito. Ba a rufa wata huɗu ba susa ta dawo.

A zuwa na uku nas ta ce, "Mai ɗinki, ko in ajiye miki kujera a nan ne? Yana wanke hannu kuwa?"

"Sai na ƙwace sabulun yake bari."

"To akwai ƙofar da take shiga. Ki sa ido."

Ta sa ido, ta kuwa gani. Auta, 'yarta da ba ta daɗe da barin nono ba, ta yar da guntun burodi a gefen kwata. Ɗan Inna ya sunkuya ya ɗauka, ya hure shi, ya raba biyu, rabi a bakinsa, rabi a bakin yarinyar.

"Tofar! Ɗan Inna, tofar da shi!"

"Inna ta ce ba a barin abinci a ƙasa."

"Ni kuma na ce ka bari."

"Ke Yaya ce," in ji shi yana tauna. "Ba Inna ba."

A gabanta aka koya masa wannan. Shekarun babu ne, lokacin da Inna ke sa su tsince ƙwayar shinkafa daga tabarma. Duk duniya abin da ya ƙware a kai ke nan, shi ne kuma kaɗai aka taɓa shafa kansa saboda shi.

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, wata rana har ta doke hannunsa, ta shige ɗaki ta yi kuka. Ta dinga shara har tsintsiya ta zama guntuwa. Sai ya koma tsinta a titi, a gindin teburin mai kayan miya, ya cika aljihu ya kawo wa Auta tsaraba.

Ran da Auta ta amayo macijin ciki, maigidan, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya tarar da yarinyar a langaɓe.

"Yaya, na ɗauka ɗinki kike yi, ashe kiwon tsutsa muka koma." Bai yi dariya ba. "Ban taɓa ce miki kanzil a kansa ba. Ni ke masa aski. Amma dubi yarinyar nan. Ko shi ya koma gidan kula da masu larura, ko in kai ta wajen mahaifiyata ta riƙe. Su biyu ba za su ƙara kwana gida ɗaya ba."

Yaya ta haɗa wa Ɗan Inna kayansa a leda, ta kai shi. Gidan kula da masu larurar dogon ɗaki ne, gadaje jere har bakin ƙofar banɗaki. An zo cin abinci, kowa ya wanke hannu a bokiti ɗaya. Kafin layi ya kai rabi ruwan ya koma ruwan toka.

Ta tambayi wata ma'aikaciya, "Kuna ba su maganin tsutsa?"

"In an kawo."

"Yaushe rabon da a kawo?"

"Baiwar Allah, mu biyu ne a kan mutum arba'in. Ki bar ni in raba abinci."

Ɗan Inna ya zauna a bakin gadon da aka nuna masa, ya rungume ledar kayansa.

"Yaya, in ban yi ƙiriniya ba, da yamma za mu koma?"

Ta ce masa bari ta sayo ruwan sha a bakin titi. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa wajen ƙofa. Ta fita, ta wuce mai ruwan, ta tsayar da mota.