Mai Tsayawa a Bayan Tifa

Shekara ashirin da shida Mai Tifa ya yi yana ɗibar yashi, goma sha tara daga ciki da wannan mota ɗaya. Sawu biyar a rana, shida idan hanya ta bushe. Ya san adadin notin kowace taya, ya san ramuka arba'in da ɗaya da ke tsakanin gidansa da bakin rafi. Fitilun bayan motar ne kawai bai taɓa gani da idonsa suna aiki ba, don mai taka birki ba ya tsayawa a baya.

Wannan aikin matarsa ne. Kullum da sassafe takan fito ƙofar gida da mayafinta, ta tsaya taku bakwai daga bayan tifar. Shi ya sa yake ce mata Sufeto.

"Sufeto, birki!"

"Ya kama, Malam."

"Hagu!"

"Ya kama."

"Dama!"

"Ya kama. Tafi, kada yashin ya gudu."

Ranar Litinin, a sawu na biyu, ya rage gudu zai karya hagu a mararraba, sai wani mai burodi a kan babur ya shige ƙarƙashin motar. Likitoci suka yanke ƙafarsa ta dama daga gwiwa. 'Ya'yansa uku. A barandar asibiti, yayan mai burodin ya tare Mai Tifa a gaban mutum tara.

"Bawan Allah, ƙanena ya ce ba ka ba da sigina ba, birkinka ma bai nuna wuta ba."

"Wallahi na bayar, kuma fitiluna lafiya lau suke. Da safen nan aka duba su."

Mutumin ya ce, "Tunda ka rantse, mun bar wa Allah." Aka bar maganar a kan gangancin mai babur ne.

Ranar Laraba ya kai motar wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, don a sake gilashin fitilar hagu da babur ya fasa. Minti goma ya ware wa aikin. Mai wayarin ya sa sabon gilashi da sabon ƙwai, ya ce a taka birki. Babu wuta. Ya zaga dama, inda babur bai ko taɓa ba. Can ma shiru.

"Kai, Alhaji, wannan tsohuwar taka ta girmi ubana," in ji shi. "Bari mu bi ta a hankali."

Ƙwai huɗu suka cire, biyu daga ciki lafiyarsu ƙalau. Fiyus shida, babu wanda ya ƙone. Mai wayarin ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin motar da ɗan ƙwansa na gwaji, yana bin waya taƙi-taƙi daga gaba har baya. Wuta na zuwa. Komawa ce ba ta yi. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen motar, wadda wutar fitilun baya duka ke bi ta koma, tsatsa ta cinye ta. Yana taɓa notin ya marmashe a hannunsa.

"Karon ne ya tsinke ta?" Mai Tifa ya tambaya.

"Wane karo? Dubi bakin wayar, kore shar. Jiƙaƙƙen yashinka ne ke ɗiga a nan kullum. Wannan ta yi wata uku a mace, in ba huɗu ba. Ba ka ji ƙas-ƙas ɗin siginar ya ƙara sauri ba?"

Ya ji. Ya ɗauka tsufa ne.

Wata uku, safiya casa'in ke nan. Sau uku kowace safiya, "ya kama" ɗari biyu da saba'in. Ya yi lissafin a hanya har sau biyu, bai canza ba.

Washegari, kafin ta fito, ya zare fiyus ɗin fitilun ya sa a aljihu. Ta zo ta tsaya a wurinta. Ta madubi ya lura, karo na farko, cewa da ƙafa take laluben dutsen da ke bakin kwata kafin ta tsaya.

"Sufeto, birki."

"Ya kama, Malam."

"Hagu."

"Ya kama."

Bai kira dama ba. Ya kashe motar ya sauko, ya ɗaga mata yatsu uku daga inda yake tsaye.

"Nawa ne nan?"

Ta ce, "Ka sauko ne?"

Ya matso har ya ga farin da ya rufe ƙwayar idanunta. Gida ɗaya suke kwana, amma yana fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo a gajiye. Shi da ke ƙirga ramukan titi.

"Tun yaushe?"

"An kusa shekara. Da ina ganin ja-ja kamar ta cikin hayaƙi. Daga baya shi ma ya tafi."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Shekara goma sha tara fitilun nan ba su taɓa ƙin kamawa ba sai sau huɗu. Na ce in na faɗa, wani za ka sa a wurin. Yara duk sun watse, Malam. Wannan ne kaɗai abin da kake kirana in yi maka." Ta gyara mayafi. "Mai burodin nan... ni ce?"

"Motata ce. Ni na rantse."

Ya kulle tifar, ranar farko da ta wuni a ƙofar gida ba don ta lalace ba. Ya tare musu tasi zuwa asibiti. Sashen ido yana ƙasa, ya karɓo mata lamba, ta talatin da takwas, ya zaunar da ita a benci. Ɗakin masu karaya yana sama. Matakala ashirin da biyu, ya ƙirga su duka.

Yayan mai burodin na zaune a baranda da kwanon abinci a cinya. Da ya gan shi ya miƙe.

"Lafiya, direba?"

Mai Tifa ya ciro guntuwar wayar nan mai tsatsa, wadda ya karɓo wurin mai wayarin, daga aljihu, ya miƙa masa.

"Ƙanenka ya fi ni gaskiya. Kira mutanen da na rantse a gabansu, su tara ne. Zan jira."